Yamusa Ya Saki Hanyar Lugbe

Dei-Dei, Abuja
Fabrairu, 2014

Yaya Kande,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan Karshi lafiya, kunnen kuma ya yi sauƙi. Na so in kira ki, sai na tuna wancan karon da na yi ta ihu a waya har maƙwabtana suka ji sirrina, ke ba ki ji ba. Shi ya sa na ba direban motar Karshi wannan takarda.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma Baƙo ne sila. Baƙo ɗan Kawu dai, wanda ni na ɗauko shi daga gida, na kai shi gaban Oga Thaddeus mai raba mana aiki a kamfanin kai saƙo, na koya masa yadda ake jera kwalaye a mota don na farkon sauka ya zauna a bakin ƙofa. To shi aka ba hanyar ofisoshi: Wuse, Garki, tsakiyar gari, inda ma'aikatu da bankuna suke. Ni kuwa har yau ina hanyar gidaje ta Lugbe kamar a can aka binne cibiyata.

Bari ki ji bambancin. Baƙo ya tsaya a bene ɗaya ya sauke rabin motarsa a teburin karɓar baƙi, a sa masa hannu cikin sanyin esi, ya fito rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Da la'asar ya ajiye mota. Asabar da Lahadi yana kwance. Ni kwali ɗaya, gida ɗaya. A rubuta maka adireshi wai "bayan tankin ruwa, gida mai koren get," ka je ka tarar duk layin koren get gare su. Ka kira, madam ta ce tana kasuwa, ka dawo gobe. Ka koma gobe, kare ya tarbe ka. Tun da mutanen garin nan suka koyi sayayya ta waya, ko tsintsiya ce sai an kai musu har ƙofa, kuma ni ne mai kaiwa.

Da wahalar ce kawai da na haƙura. Akwai maganar da ban gaya miki ba. A wani rukunin gidaje a Lugbe akwai wata yarinya, Murja, tana haɗa turaren wuta da humra a gida tana sayarwa ta waya, ni nake zuwa ɗaukar kayan a kai wa masu saye, kusan kullum. Ina sonta, Yaya. Ina jin ita ma ba ta ƙi ni ba, don ba na barin ƙofar sai ta miƙo mini zoɓo mai sanyi ta taga. Mahaifinta, Alhaji Maitama, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Rannan ya leƙo, ya dube ni a zaune cikin mota, ya ce, "Kai ne mai hon ɗin nan?" Ya juya ya shige. Na gane nufinsa sarai: mai bin ƙofa-ƙofa da gumi ba sa'an 'yarsa ba ne. Da zan iya ce masa ma'aikatu nake kai wa saƙo, da wani kallon zai yi mini.

Na yanke shawara zan roƙi Oga ya musanya mu, ni da Baƙo. Ni na riga shi aiki, hakkina ne. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Yamusa

*

Karshi

Yamusa,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna gaishe ka. Kunne yana nan yadda yake, amma idona ƙalau, na karanta takardarka tsaf. Da farko dariya na yi, daga baya na ji tausayinka.

Tun kuna yara haka kake da Baƙo. Inna ta zuba muku tuwo kowa da kwanonsa, kai ba ka fara ci sai ka leƙa nasa. Shekarar da aka ɗinka muku rigar salla, yadi ɗaya, tela ɗaya, kuka ka wuni kana yi wai tasa ta fi aljihu. Yanzu kun yi gemu, abin ya koma kan motar kwali.

Maganar yarinya ita ce magana, kuma na yi murna, don na gaji da tambayar da dangi ke yi mini a kanka. Sai dai ni abin da na gani a takardarka shi ne, akwai ƙofar da ake ba ka zoɓo kullum, kai kuma kana roƙon a raba ka da ita. Sannan da dattijon ya ce kai ne mai hon, ka kashe mota ka sauko ka gaishe shi? Ba ka faɗa ba, kuma na san halinka da sauri.

Ka bar wa Baƙo ofisoshinsa. Na san ba za ka ji ba, amma na faɗa.

Ga ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ka raba da taubashinka.

Yayarka,
Kande

*

Sito, Jabi

Taubashina Yamusa,

Salamu alaikum, sarkin fushi. Na maƙala maka wannan a waifar gilashin motarka, tunda ni da asuba nake lodi kai sai hantsi, kuma ka daina ɗaga wayata. Ƙuli-ƙulin da Yaya Kande ta ce a raba ma ban ga ko gutsure ba.

Oga Thaddeus ya kira ni ya ce kana son hanyata. Na ce a ba ka. Kai ka kawo ni, ba zan yi musu da kai a kan wannan ba. Amma tunda ranar Litinin za ka fara, bari in gaya maka abin da ba ka gani daga nesa.

A Wuse babu wurin ajiye mota. Ka juya baya, a ɗaure maka taya, kai za ka yi ta roƙo. Akwai bene a Garki da lif ɗinsa ya fi mutuwa a kan aiki, kuma masu odar takardu rim-rim a can ƙololuwa suke. In ofis ya tashi kafin ka iso, shi ke nan, babu maƙwabci ko maigadin da zai karɓa maka kamar a gidaje, kaya su dawo sito kuma laifinka ne. Da safe kana cikin gosulo tare da duk mai shiga gari, da yamma kana ciki tare da duk mai fita. Motar Lugbe kuwa tana fita lokacin da jama'a ke shigowa, titi fayau. Kuma ba wanda zai san sunanka. Ni har yau Christina mai teburin bankin nan "Delivery" take kirana, ko ɗago kai ba ta yi.

Daɗinta dai gaskiya ne: aiki na tafiya da sauri, babu kare, babu "dawo gobe," ga hutun Asabar. Allah ya sa ka ji daɗinta.

Ka tuna ka bar mini wayar hanya a cikin mota, ka san ita da sitikar shiga rukunin gidaje da mota suke tafiya, ba da direba ba. In akwai lambar da kake so a ciki, ka kwafe.

Naka,
Baƙo

*

Dei-Dei
Maris

Yaya Kande,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Na karɓi hanyar ofisoshi. Na sayi sabon takalmi, ina guga kullum, ranar farko har hoto na ɗauka a gaban wata ma'aikata. Aikin ba laifi. Gwiwata dai tana ɗan ciwo saboda matakala, kuma an ɗaure mini taya sau ɗaya, amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Tun da na koma can ban sa Murja a ido ba. Na ɗauka in na tashi da la'asar zan riƙa leƙawa Lugbe. Ashe lokacin ne duk Abuja ke kwarara titin filin jirgi, kafin ka isa an yi isha, ba lokacin sallama a gidan mutunci ba ne. Sai na ce to Asabar. Na sa farar shaddata, na hau tasi, na sauka a get ɗin rukuninsu. Maigadin, Ɗangoggo, mutumin da nake kawo wa goro, ya tare ni.

Na ce, "Haba Ɗangoggo, ba ka gane ni ba?"

Ya ce, "Na gane ka, oga, amma mota ne na sani. Ba mota, ba sitika, kai visitor ne yanzu. Ka faɗi gidan, in kira landlord, in ya ce come in sai ka shiga."

Wato sai an kira Alhaji Maitama an ce masa mai hon ya zo zance. Na ce wa Ɗangoggo bari in sayi katin waya in dawo. Ina tsaye bayan kes ɗin mai kati sai ga motata, motar da na san kowace ƙararta, Baƙo a ciki. Ɗangoggo ya wangale masa get har da sara masa. Na ɓoye don kada ya gan ni. Na tsaya ina jiran fitowarsa har shaddar ta jiƙe da gumi, kuma da ya fito, ga gorar zoɓo a gaban gilashi. Irin gorar da ake ba ni, Yaya, mai jan murfi.

Da yamma na kira Murja. Ta gaishe ni da kyau, ta ce na ɓuya, ta ce Baba ba ya son doguwar waya, da dai in zo. Sannan ta ce, "Ɗan'uwan nan naka akwai ban dariya." Daren nan tuwo bai shiga ba. Ranar Litinin na wuce ta gefen motarsa a sito, ƙamshin turaren wuta ya bugi hancina. Na san kayanta ne a ciki, ni ma haka motar take yi a hannuna, amma wallahi kishi ya hana ni sakat.

Me ya sa duk abin da na saki sai ya yi kyau a hannun Baƙo?

Ƙanenki,
Yamusa

*

Karshi

Baƙo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Na ga Kawu ranar kasuwa, yana nan lafiya, ya ce ka riƙa kira.

Alfarma nake nema. Ɗan'uwanka yana son Murja mai turare, wadda kake ɗaukar kayanta yanzu. Na san ka sani, don ba ya iya ɓoye abu. Ya je har get ya kasa shiga, tsoron mahaifinta yake ji. Kai kuma ƙofar a buɗe take gare ka kullum, kuma Allah ya ba ka baki mai daɗi. Ka riƙa gaida dattijon, in ka ga fuska ka shigar da maganar Yamusa a hankali, har ya yarda ya gan shi. In an kai nan, ni zan tura su Kawu.

Kada ka gaya wa Yamusa tukuna. In ya ji, gobe-gobe zai je ya ɓata abin da gaggawa, ko ya ce ka raina shi. Sai magana ta nuna.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarku,
Kande

*

Sito, Jabi
Afrilu

Yaya Kande,

Wa alaikumus salam, ina gaishe ki da girmamawa. Saƙonki ya iso, kuma na fara aikin da kika sa ni.

Ashe Alhaji Maitama ba shi da wuyar sha'ani. Ranar farko da na kashe mota na sauka na durƙusa na gaishe shi, kallona ya yi ya ce, "Ikon Allah, ashe direbobin kamfanin nan suna da ƙafa." Daga nan shi ke nan. Mutum ne da ya bar aiki, 'ya'ya maza sun watse, ba shi da abokin hira sai tantabarunsa. Kullum na zo sai ya sa an shimfiɗa tabarma. Na ji labarin Lugbe tun tana daji, na ji labarin kowane minista da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, na gyara masa ɗakin tantabaru. Saboda zaman nan sai bayan isha nake ajiye mota, amma ban bar kwalin kowa ya kwana ba.

Da na fara kawo sunan Yamusa sai ya ce, "Wancan mai hon? Shekara guda yana tsayawa a ƙofata, bai taɓa saukowa ya ce mini ina kwana ba." Yaya, abin da ke ransa ke nan. Ko sau ɗaya bai yi maganar gumi ko ofis ba. Na ce masa sauri ne na hanyar gidaje, mutum na tunanin ƙofofin da suka rage. Na ba shi labarin yadda Yamusa ya riƙe ni da na zo garin nan, ya raba katifarsa da ni. A hankali ya sauko. Jiya ya ce, "Ka kawo shi Asabar ta sama in gan shi a tsaye a ƙasa."

Ita Murja tana kawo mana zoɓo ta koma ciki. Yamusa ya iya zaɓe, iyakar abin da zan ce ke nan. Ni dai in ta fito tantabaru nake kallo.

Ranar Juma'a zan tare Yamusa a masallaci in yi masa albishir, ko ya so ko bai so ba sai ya saurare ni. Ki fara yi wa Kawu magana.

Ƙanenki,
Baƙo

*

Dei-Dei
Laraba

Yaya Kande,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutu, ki gaida kowa.

Asirin Baƙo ya tonu. Kin san motocinmu akwai tiraka, na'urar da ke nuna wa ofis inda mota take. Shekaranjiya na shiga wajen Oga Thaddeus kai takardun sa hannu, na ga allon a buɗe. Ga motar Lugbe a tsaye cak a layin su Murja. Na fita na yi salla na dawo, tana nan ba ta motsa ba. Ɗaukar kwalin turare nawa ne zai ci wannan lokacin? Ni da na yi hanyar, ko injin ba na kashewa.

Na ce wa Oga ya duba kwanakin baya. Ya duba, kullum haka. Ya ce, "Wannan mota me ya sa yana kwana a gida ɗaya?" Na gaya masa gaskiya, na ce akwai budurwa a gidan, kuma direbansa ya mai da motar kamfani ta zuwa zance, yana damun 'yar mutane. Oga ya buga tebur ya ce, "Company vehicle no be for love!" Baƙo na dawowa sito ya dakatar da shi, ya karɓe makulli da waya. Ya kuma ce zai kira gidan da kansa ya ba su haƙuri, don kada a rasa kwastoma.

Na ce to a mayar mini da hanyata. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce ba ka so. Na ba Marvel." Wani sabon yaro ne da ko Lugbe bai sani ba. Wannan ya ɗan ƙona mini rai, amma ko ba komai na cire Baƙo daga ƙofar nan. Yana ta kirana, ban ɗaga ba. Ni zai ci wa amana, ni da na raba katifa da shi?

Kin ce in bar masa ofisoshinsa, kin ce hassada ce irin ta yarinta. Yanzu kin ga wanda kike karewa.

Ƙanenki,
Yamusa

*

Karshi

Yamusa,

Na amsa sallamarka don wajibi ce.

Ni na aiki Baƙo gidan nan. Ni na roƙe shi ya zauna da dattijon ya gyara maka hanya, ni na ce kada ya gaya maka. Ga takardar da ya rubuto mini na haɗo maka da wannan, ka karanta da idonka. Asabar ɗin nan Alhaji ya ce a kai ka ya gan ka. Na riga na yi wa Kawu magana, har ya ba da babbar rigarsa wanki.

Ɓoyewar da na sa aka yi, wannan nawa ne, na ɗauka. Amma kai ka ga mota a tsaye, ba ka tambayi ɗan'uwanka ba, ba ka ɗaga wayarsa ba, ka tafi ka raba shi da abincinsa, ka kuma sa sunan 'yar mutane a bakin ogan kamfani. Na yi kuka, Yamusa, kuma ba don Baƙo kaɗai ba.

Ka nemi ɗan'uwanka yau, kada ka jira gobe. Ban sani ba ko akwai sauran abin gyarawa.

Kande

*

Sito, Jabi

Yamusa,

Salamu alaikum. An ce ka zo nemana ɗakina har sau biyu. Ba guje maka nake ba, ban san me zan ce maka ido da ido ba, shi ya sa na koma wa waifa.

Oga ya kira gidan kamar yadda ya ce. Alhaji ne ya ɗauka. Ya tambayi wanda ya kai ƙarar, Oga ya faɗa masa. Washegari dattijon ya sa babbar riga ya zo sito da kansa, ya ce shi ke tsayar da ni, in da laifi nasa ne. An mayar mini da makulli da hanyar Lugbe.

Jiya na je ɗaukar kaya, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Na fara ba shi haƙuri a madadinka, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Wanda ya kai sunan 'yata ofis ba zai taka gidana ba, ka bar wannan maganar har abada." Ya juya yana watsa wa tantabaru dawa. Can ya ce, "Wata biyu kana roƙa wa wani. Kai fa?" Ya ce ya tambayi Murja, ta ce a tambaye ni.

Ba na son ka ji a bakin kowa. Da a makon jiya ya yi mini wannan tambayar, tun bai rufe baki ba zan ce a'a, ta ɗan'uwana ce. Jiya na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Ka riƙa shafa wa gwiwar man zafi. Allah ya kiyaye hanya.

Baƙo